Yadda Na Yi Sujada a Kan Ƙwan Kada

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci mai jan ciki da mai tafiya da ƙafa huɗu, sannan ya halicci kada ya haɗa masa duka biyun.

Shekarar da ruwa ya ci Maiduguri, har aka riƙa cewa kadojin gidan namun daji sun fito suna yawo cikin unguwanni, ita ce shekarar da hirar kada ta dawo majalisarmu ta ƙofar masallaci a Azare. Bazarar da ta biyo baya kuma na yi tafiya zuwa arewacin Gana. Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Kowa ya ga bidiyon, kowa yana son ya ji daga bakina. Don haka na zauna na rubuta da ajami yadda na saba, 'yata ta juya shi zuwa boko. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Amma kafin mu hau mota sai na gaya muku wane ne Malam Modu.

Modu Babarbare ne, iyayensa daga wajen Gashuwa suka zo. Ya yi sana'ar kamun kifi a kogin Katagum da ƙuruciyarsa, yanzu bandar kifi yake sayarwa a kasuwar Azare. Ni kuwa jinin Fulani ne, saboda haka tun muna samari ba ma haɗuwa sai da zagi. Shi ya ce mini mai bin saniya, ni na ce masa bawana. Wata rana, shekara talatin da wani abu da suka wuce, ya faɗa a majalisa cewa ya taɓa jin ƙwan kada yana kuka a ƙarƙashin yashi, uwar ta zo ta tone, ta kwashe 'ya'yan a cikin bakinta ta kai su ruwa, ko ɗaya ba ta tauna ba. Ni a lokacin ina ji da karatu. Na ce ban ga wannan a littafi ba. Washegari na zo da baiti huɗu a takarda:

Modu ya ga kada da goyo,
Ya ji ƙwai yana kiran inna,
In haihuwa ta zo ku nemo shi,
Ungozoma na bakin gulbi.

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Modu ya ce, “Bafillace, ranar da idonka ya gani fa?” Na ce ranar zan ɗauki kwandon bandarsa a kaina, da rawanina, daga tasha har rumfarsa, ranar kasuwa.

Sunan Ungozoma ya bi shi. Da wasa ne kawai da da sauƙi. Bayan wasu shekaru aka yi rikicin iyakar gona a wajen Itas, Modu ya je shaida don matar marigayi wansa. Yana buɗe baki wani ya rera baitin nan ƙasa-ƙasa, dattawa suka yi ta danne dariya, shaidarsa ta tashi a banza, gefen gonar ya tafi. Daga ranar ya daina zuwa majalisa. In mun haɗu sai ya ce, “Barka da rana, Malam,” cikin ladabi. Ya daina zagina. Wanda ya san tsakanin Bafillace da Babarbare ya san da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na sha niyyar zuwa ba shi haƙuri, sai zuciya ta ce, to ai har yanzu ƙaryar tana nan ƙarya.

Dalilin tafiyar kuwa aure ne. Ɗan Alhaji Ƙarami, ƙanena, yana sayar da albasa a Bolga ta arewacin Gana, ya samu mata a zangon Hausawan can, aka ce ni zan karɓa masa. Muka tashi ni da Alhaji saura mako uku babbar Salla.

Daga Azare zuwa Kano ba labari, sai dai direba ya saka mu huɗu a kujerar mutum uku, na huɗun kuma da injin markaɗe a cinyarsa. Daga Kano muka yi yamma da kudu, kwana da wuni, har ƙasar Bargu. Alhaji mutum ne da ba ya iya ganin abu bai ɗauka a waya ba. Ya ɗauki gada, ya ɗauki tirelar da ta faɗi, ya ɗauke ni ina gyangyaɗi baki buɗe.

“Yaya Malam, tarihi nake ajiye maka,” in ji shi.

“Ajiye wa kanka. Ni nawa yana cikin littafi.”

Littafin nan shi ya ja mini magana. Tsohon littafi ne mai bangon fata, a ciki nake rubuta komai: sunayen garuruwa, maganin basir, ranar da aka haifi jikoki. Iyaka uku muka tsallake, Binin da Togo da Gana, kowace da irin tufafin ma'aikatanta da irin ɗaure fuskarsu. A ɗaya daga ciki wani ma'aikaci ya zazzage jakata, ya ɗauko littafin, ya buɗe shi daga hagu, ya riƙe shi a kife. Ya kira wani mai jin Hausa.

“Ya ce wannan asiri ne ko saƙon 'yan ta'adda?”

Na ce ba ko ɗaya, Hausa ce da baƙaƙen Larabci. Ya ce in karanta inda ya ɗora yatsa. Cikin shafuka sama da ɗari, yatsan bawan Allahn nan bai sauka ko'ina ba sai kan baitocin Modu, waɗanda na kwafe tun tuni don ina alfahari da su. Na karanta. Sai da na ba da labarin kafin su gane, fasinjoji suka yi dariya, ma'aikacin ma da aka fassara masa ya yi. Ya mayar mini da littafin, ya ja ni gefe ya ce in saka shi a addu'a, ya daɗe bai samu ƙarin girma ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata dattijuwa mai fataucin kifi da ke zaune bayanmu, ana ce mata Hajiya. Da mota ta tashi ta taɓa kujerata.

“Malam, abokin nan naka yana da rai?”

“Yana nan.”

“To ka yi sauri. Ni a bakin ruwa aka haife ni. Abin da ya faɗa haka yake.”

Na ce a raina, masu kifi duk bakinsu ɗaya. Amma maganarta ta bi ni har Jugu, inda muka ci sakwara da cukun Fulani soyayye a cikin miya.

Hanyar nan ta Jugu da Basar da Yandi ita ce kakanninmu fatake suka bi da jakuna zuwa Gwanja ɗauko goro. Duk garin da muka sauka akwai zango, akwai masallaci, akwai mai cewa kakansa daga Kano ko Katsina ya zo. Hausarsu dai sai a hankali, mace ma “ya zo” ake ce mata. A Yandi na ga ana gaisuwa a tsugune, ɗaya na jero tambaya, ɗaya na amsa “naa, naa” kamar ba za a tashi ba. Na ce wa Alhaji mu da ake cewa muna da doguwar gaisuwa ashe ɗalibai ne. A Tamale kuwa mata ne a kan babura, da goyo, da kwanon abinci a baya, wata har ta yi wa direbanmu tsawa don ya tare mata hanya. Alhaji ya ɗauka a waya ya ce zai nuna wa Hajiyarsa. Na ce ya yi tunani tukuna, yana da babur ɗaya ne tak.

A Bolga aka sauke mu gidan limamin zango, ɗaki mai tsabta, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa amma ba iska. Da safe koko da ƙosai, kamar gida. Da rana aka kawo shinkafa da wake ja wur, an zuba mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi, duk a ganye ɗaya. Na tambaya ko abincin kwana uku ne aka haɗa mini. Tuwonsu kuwa sunansa tuwon zafi, ko ya huce. Aka ɗaura aure lafiya, na karɓa, aka yi addu'a. Washegari surukanmu suka ce ba a zuwa ƙasar nan a koma ba a ga kadojin Faga ba, garin da ke dab da iyakar Burkina.

Na ce ni ba na zuwa kallon dabba. Alhaji ya ce, “Ko tsoron Malam Modu kake yi?” Na ɗauki dardumata da butata na shiga mota.

Tafki ne a cikin gari, ba katanga. Mata na wanki a gefe, shanu na shan ruwa. Mai kula da wurin wani dattijo ne siriri, Kaba, ɗan asalin garin, yana jin Hausar zango. Ya ce su a wurinsu kada ba a kashe shi, ba a cin sa, kakanninsu sun ƙulla amana da shi, har kaka suke kiransa, in babba ya mutu har binne shi ake yi. Na yi ta'awizi a zuci, don baƙo ne ni.

Na duba ruwa ban ga komai ba. Kaba ya ce, “Su sun gan ka.” Ya nuna mini wasu 'yan ƙulu-ƙulu a kan ruwa kamar busasshen kashin shanu. Ido biyu da hanci ke nan. Ya ce Allah ya jera masa ido da hanci da kunne a saman kai, layi ɗaya, don ya nutse duka ya bar su kaɗai a waje. In ya shiga ƙasa kuma hanci da kunne su rufe, wata fatar ido mai haske kamar gilashi ta rufe idon, yana gani ta cikinta.

Kaba ya ɗaga wata kaza da muka saya a wurin, ta yi kuka. Ruwa ya tsage, wani ƙato ya fito yana tafe a kan ƙafafunsa, ciki a sama, kamar attajirin da aka tasa daga barci. Ya zo ya kwanta ya wangame baki. Na ja da baya.

“Ba yunwa ba ce, zafi ne,” in ji Kaba. “Ba ya gumi. In rana ta dafa shi sai ya buɗe baki ya sha iska, in sanyi ya kama shi ya fito ya yi shanya. Leƙa ka ga maƙogwaro.”

Na leƙa daga inda nake. Babu rami, wata fata ce ta toshe can ciki. Ya ce da ita yake riƙe nama a cikin ruwa baki buɗe, ruwan bai shige masa ba. Haƙori kuwa in ya faɗi wani na ƙarƙashinsa yana jira, har tsufa. Alhaji, da ya bar rabin haƙoransa wurin goro, ya ce wannan rabo bai yi adalci ba. Kaba ya ce amma duk haƙoran nan ba ya tauna, sai dai ya kama, ya yi birgima ya yage, ya ɗaga kai ya haɗiye, har duwatsu yakan haɗiya su zauna a ciki. Kuma in ya ci ya ƙoshi yana iya yin watanni bai sake ci ba. Na ce to wannan ya fi wasu limamai da na sani haƙurin azumi.

Ya jefa kazar. Ban ga lokacin da bakin ya rufe ba, ƙara kawai na ji kamar an buga ƙyauren ƙarfe. Kaba ya ce duk ƙarfin a rufewa yake, wajen buɗewa rago ne, in an ɗaure bakin da 'yar igiya shi ke nan. Ya nuna mini wani dogon haƙori na ƙasa da ya fito waje ko da baki na rufe. Ya ce wata Baturiya ta gaya masa a ƙasarsu akwai ɗan'uwansa, aligeto, mai faffaɗan baki kamar shebur, shi in ya rufe baki haƙoran ƙasa ɓuya suke yi. Namu dai ba ya ɓoye abin da ke ransa.

Alhaji ya tsuguna ya riƙe jelar, aka ɗauke shi hoto yana murmushin wanda ake yi wa allura. Ni na ƙi. Na so na tambayi Kaba maganar ƙwai, girman kai ya hana.

La'asar ta yi. A nan na yi wautar da ta kai ni duniya. Na ce a raina ba zan yi salla a inda ake jefa wa kada kaji ana kiransa kaka ba. Ban gaya wa kowa ba, na yi alwala da butata, na zaga bayan wasu kalgo, na bi gefen tafkin har na daina jin muryoyi. Sai ga wani wuri a ɗan tudu, yashi mai laushi, ba kashin shanu, ba ƙaya, kamar an share mini. Na ce Allah ya ga zuciyata. Na tattake shi da ƙafa ya yi daidai, na shimfiɗa darduma, na tayar da kabbara, raka'a biyu ta matafiyi.

Ina kai goshi ƙasa na ji kuka. Siriri, kamar na kwikwiyon da bai buɗe ido ba. Ɗaya ya fara, wani ya amsa, sai ga su da yawa, daidai ƙarƙashin goshina. Na ce aljanun garin nan ne, na ƙara ƙarfin tasbihi. Na ɗago, na koma sujada ta biyu, kukan ya ƙaru. A tsakiyar sujadar nan baitin farko ya faɗo mini, da na biyu. Ya ji ƙwai yana kiran inna.

Innar kuwa ta ji. Wani huci na ji daga hagu kamar an saki iskar tayar tirela. Na saci kallo. Tana fitowa daga ruwa, kuma ba tafiyar attajiri take yi ba.

Na sha karantar da ɗalibai cewa ya halatta a yanke salla in rai na cikin haɗari. Ban taɓa sanin da wane sauri ake yanke ta ba sai ranar. Na bar darduma, na bar takalma, na bar buta. Rawani ya warware ya bi ni kamar jela. Alhaji da Kaba sun biyo sawuna ke nan, ƙanena kuma, uwa ɗaya uba ɗaya, da ya ga yayansa a guje, abin da ya fara yi shi ne ɗaga waya.

Kaba ya cafke ni a bayan kalgo. Bai yi dariya ba.

“Malam, a garinku haka ake yi? Baƙo ya shiga ɗakin mai jego ba sallama?”

Ya ce wata uku ke nan tana gadin wurin, ko abinci ba ta cika nema ba. Su kansu ba sa bi ta nan. Takun ƙafata 'ya'yan suka ji, suka ɗauka uwarsu ce, suka fara kira. Ya ce zafin yashin nan ma shi ke raba su, wani zafin ya ba da maza, wani ya ba da mata, ni kuma na zo na yi musu rumfa da darduma. Na ba shi haƙuri, da gaske.

“Yi shiru ka duba,” in ji shi.

Uwar ta sa baki ta ja dardumar gefe kamar tsumma. Ta fara tono da ƙafafun gaba, a hankali, tana tsayawa tana saurare. Sai ga su, kamar ƙadangaru, jiƙe, suna motsi. Ta kwantar da kai a gefe. Bakin nan da na ji ƙararsa a kan kaza, shi ta sa ta ɗauki ɗaya, ta ɗan jefa shi ciki. Ta ɗauki wani. Fatar ƙarƙashin haɓarta ta yi ta saukowa kamar aljihu. Wani ƙwai bai fashe ba, ta ɗauke shi ta yi ta juya shi tsakanin harshe da ganɗa har ya tsage. Da ta juyo za ta ruwa na ga kawunansu suna leƙe ta tsakanin haƙora, suna ta kuka. Ta shiga inda ba zurfi cikin ciyawa, ta buɗe baki, ta kaɗa kai hagu da dama, suka watsu. Ta dawo ɗaukar saura.

Na rama sallata a kan siminti, ba takalmi, kusa da inda ake sayar da kajin. Na daɗe a zaune bayan sallama. Matar wan Modu ta rasu shekara shida ke nan, gefen gonar nan kuwa ba zai dawo ba.

Bidiyon ya riga mu isa Azare da kwana huɗu. Alhaji ya rantse mutum ɗaya ya tura wa. Abin takaici, gudun kawai ya ɗauka, wayar ta mutu kafin uwar ta fara tono. Wato ni ma ba ni da shaida sai bakina.

Ranar kasuwa na naɗa rawanina mafi kyau na tafi tasha. Motar kifi ta iso, Modu na tsaye da sandarsa, idonsa ya fara rauni. Na ce wa masu dako su dakata.

“Barka da hantsi, Malam,” in ji shi. “An dawo lafiya?”

“Wane ne kwandonka?”

Ya nuna da sanda. Ba ƙaramin ya nuna ba.

Aka ɗora mini. Man kifi ya fara bin rawani yana sauka ta bayan kunne. Na shiga kasuwa, shi yana biye, jama'a na biye da shi. A layin 'yan hatsi na tsaya na ɗaga murya na ce, “Jama'a, abin da Malam Modu ya faɗa a kan kada gaskiya ne. Ƙwai yana kuka, uwa tana ɗauka a baki. Na gani da idona. Ni ne na yi masa ƙarya, kuma shaidar da ya bayar a Itas shaidar mai gaskiya ce.” Na maimaita a layin 'yan goro, na maimaita a mahauta. Wani ya ce ina hujja. Na ce ba ni da ita, in ya ga dama ya yi mini baiti.

A rumfa aka sauke mini kwandon, wuyana ya ƙi miƙewa. Na ciro littafin, na yage shafin, na miƙa masa. Ya shafa takardar da yatsa, ya ninke, ya naɗe wa wata mata kifi a ciki. Sannan ya zauna, ya bar ni a tsaye.

“Ka ce ka ji kukan?”

“Na ji.”

“Daga ina?”

“Ƙarƙashin goshina.”

“To ni daga cikin kwalekwale na hango, ko kusa ban je ba. Kai kuwa har ɗakin haihuwar ka shiga, ka yi shimfiɗa, ka tashe su.” Ya juya wajen maƙwabtansa. “Jama'a, tsakanina da wannan mai bin saniyar, wane ne ungozoma?”

Kasuwa ta ɗauka. Ya jawo benci da ƙafa ya tura mini.

“Zauna, shashashan Bafillace, kana tare mini masu ciniki.”

Shekara ashirin rabon da na ji zagi mai daɗin wannan. Da yamma ya zo majalisa, ya zauna a wurinsa na da. Sunan kuwa ya koma gidan wanda ya ƙirƙire shi. In kun ji an kira shi a kasuwa, ni ake nufi, kuma ina amsawa.